Ku Tashi, Inna Tana Kira

Iyayena da yayyena, ƙannena da 'ya'yana, ku ba ni aron hankalinku. Zan fara da tona wa kaina asiri, don kada wani ya ce na zo ina gyara wa mutane rufi alhali nawa ɗakin yana yoyo.

Ina da 'ya 'yar shekara 4. Sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa duk gidan babu mai kama sunanta na yanka, Ummi muke ce mata. Wata Asabar da hantsi ina kishingiɗe a tsakar gida, ita kuma tana gindin turmi tana wasan 'yar tsana. Sai na ga ta ɗauki silifas ɗina ƙafa ɗaya ta kara a kunne, ta ɗaure fuska, ta riƙe ƙugu, ta ce, "Inna, ina cikin mutane ne yanzu. Zan kira ki anjima." Ta ja tsaki, ta jefar da takalmin, ta koma kan 'yar tsanarta.

Na bushe da dariya. Maiɗakina tana gefe tana tankaɗe, ko murmushi ba ta yi ba. Ta ɗago kai ta ce, "Baban Ummi, abin dariya ma ya ba ka? Muryar wa ka ji?"

Nan take dariyar ta maƙale mini a wuya. Muryata ce, har tsakin ma nawa ne. Ni da ko sunan mahaifiyata ba na iya furtawa don kunya, ashe makaranta na buɗe a gidana ina koyar da yadda ake kashe wa uwa waya, ɗalibar tawa kuma ta haddace karatun ba tare da an rubuta mata a allo ba.

Tun daga ranar na fita daga sahun masu cewa yaran zamani ba su da kunya. A majalisa muna faɗa, a wurin ɗaurin aure muna faɗa, a motar haya muna faɗa, sai ka ce da ruwan damina aka zubo mana yaran nan daga sama. Wa ya haife su? A tsakar gidan wa suka koyi magana? Ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Kunnen yaro yana mantuwa, idonsa ne ba ya mantuwa. Ka yi masa wa'azin biyayya sau ɗari, ya ga sau ɗaya ka ɗaga wa mahaifiyarka murya, wannan ɗayan zai riƙe. Saboda haka kirana guda ne, bakinsa ne biyu: mu girmama matan da suka haife mu a gaban 'ya'yanmu, mu girmama matan da suka haifa mana 'ya'yan a gaban idonsu. A wannan ƙasar ladabi yake tsirowa.

Bari mu ɗan taɓa lissafin bashin da ake bin mu, ko da yake ba mai biyuwa ba ne. Wata 9 uwa tana ɗauke da kai, ƙamshin miyar da ta fi so ya koma sa ta amai, kwanciya ta gagare ta ta kowane gefe. Ba banza ba Bahaushe yake tambaya ko an sauka lafiya, ba banza ba tsofaffi suke cewa kabarin mai jego a buɗe yake sai ta yi arba'in. Har gobe maganar nan ba ta tsufa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 kaɗai mata kimanin 82,000 ne suka rasu a Najeriya a dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk irin wannan mutuwa a faɗin duniya. Ku raba da kwanakin shekara ku gani: sama da mata 200 ke nan kowace rana. Wata zubar jini ce ta tafi da ita, wata jijjiga, wata doguwar naƙuda. Cikin waɗanda suka sha da ƙyar kuma akwai masu fama da yoyon fitsari. Duk wanda ya taɓa leƙa asibitin Babbar Ruga a Katsina, ko na Danja kusa da Maraɗi, ya san abin da nake faɗa. Ta wannan ƙofar kowannenmu ya shigo duniya, kuma wata ce ta jinginar da ranta kafin a buɗe masa.

Daga nan sai wankan jego da tafasasshen ruwa safe da yamma, sai kunun kanwa, sai goyo da majanyi ya kanannaɗe ƙirji ana daka ana surfe da kai a baya. Ka yi mata fitsari a zane ta ce albarka ce. Zazzaɓi ya kama ka cikin dare, maigida yana minshari, ita tana zaune da tsumma da ruwa har asuba.

Ni dai hannun Inna na dama ya ishe ni shaida. Daga wuyan hannu zuwa gwiwa duk tabon fallatsin mai ne, na ƙosan da take tashi soyawa tun kafin kiran assalatu. Shekarar da zan rubuta jarrabawar fita sakandare, kuɗin adashinta bai kai ba. Na dawo daga makaranta na tarar jeren kwanukanta ya yi giɓi kamar bakin yaro mai famfara. Na ce, "Inna, ina manyan kwanukan nan?" Ta ce, "Aro aka zo yi." Har yau masu aron ba su dawo da su ba. Wannan matar ce nake ce wa ina cikin mutane. Su wane ne mutanen? Ina suke lokacin da kwanukan nan suka tafi kasuwa?

Addininmu bai bar mu cikin duhu ba. A Suratul Isra'i, aya ta 23, Allah Ya jera kyautata wa iyaye dab da kaɗaita Shi da bauta, Ya kuma hana furta musu ko da ƙaramar kalmar ƙosawa. Ita ce kalmar da ta shigo bakinmu har muke cewa wane ko uffan bai ce ba. To idan uffan haramun ce, ina matsayin tsaki? A hadisin Abu Huraira da Bukhari da Muslim suka ruwaito, wani mutum ya tambayi Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, wanda ya fi cancanta da kyakkyawan zamansa. Sau uku ana ambata masa uwa kafin a zo kan uba. Ku tuna kuma da Juraiju, mai ibadar nan na Bani Isra'ila. Mahaifiyarsa ta zo tana kira yana cikin salla, ya zaɓi sallarsa ya ƙi amsawa, har ranta ya ɓaci ta yi masa baki. Aka ƙulla masa sharrin zina, aka rushe ɗakin ibadarsa, sai da Allah Ya sa jariri ya yi magana kafin ya wanku. Salla ce fa ta hana shi amsawa. Kai me ya hana ka? Kallon ƙwallo? A ɗaya gefen ga Uwaisul Ƙarni, mutumin Yaman da hidimar mahaifiyarsa ta riƙe har bai sami ganin Annabi ba, amma aka umarci Sayyidina Umar da ya nemi addu'arsa idan sun haɗu. 'Yan'uwanmu Kirista ma, cikin Dokoki Goma da suke karantawa akwai girmama uba da uwa. Babu wanda zai ce ba a gaya masa ba.

Al'adarmu ma ba ta yi shiru ba. Ku dubi Hawan Daushe a Kano. Washegarin Salla sarki yakan hau cikin alkyabba, ga lema, ga dogarai, ga hakimai da dubban mahaya, ana busa algaita da kakaki. Ina aka nufa da duk wannan gayya? Babban Ɗaki, gidan mahaifiyar sarki. Nan mutumin da gari guda yake faɗuwa a gabansa yake sauka daga kan doki ya shiga gaisuwa. A bainar jama'a ake yin abin, yaron da ke kan katanga yana kallo sai ya gane cewa rawani komai girmansa bai kai zanin goyo ba. Ku dubi kuma Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864. Ta horar da mata masu jagoranci da ake kira jaji, ta ɗora musu malfa, suka riƙa shiga ƙauyuka suna karantar da mata a tsarin 'Yan Taru. Ta gane cewa idan aka ilimantar da uwa, karatu ya riga yaro isa gida. Mahaifinta kuwa, a littafinsa Nurul Albabi, ya caccaki malaman da suke karantar da almajirai a zaure su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Wannan gadonmu ne, ba aro muka yi ba.

To ta ina ɓarakar ta shigo? Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Tsagar farko tana bakinmu. Ku saurari titi na minti biyar. Mai babur ya gogi mai a-daidaita-sahu, wa za a fara zagi? Matar da ke can gida tana jan carbi, ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Zagin da ya fi saurin fita daga bakin Bahaushe na uwa ne. Abin takaicin ma, mu muke koya wa yara. Yaro bai iya cewa "ina kwana" ba, an kama ɗan hannunsa an ware yatsu biyar, ana cewa, "Yi wa kawu daƙuwa!" Ya yi, a kwashe da dariya, a ba shi alewa. Shekara goma sha biyar nan gaba ya juyo da yatsun nan cikin gida, mu ce an yi masa asiri.

Tsaga ta biyu ita ce wulaƙanta uwa a gaban abin da ta haifa. Magidanci ya dawo daga kasuwa da fushin wani, ya sauke a kan matarsa don gishiri ya yi yawa, yara suna zaune da kwano a gaba. Ya juya ga ɗansa ya ce, "Sakarai mai halin uwarsa." Kai maigida, da wane baki gobe za ka ce masa ya yi mata biyayya? Idan kuma aure ya mutu, sai a mai da 'ya'ya makami. A fizge yaro ɗan shekara 3 daga jikin uwarsa, a hana shi zuwa gaishe ta, a cika masa kunne da aibinta. Alhali Risala ta Ibn Abi Zaid da muke karantawa a zaurukanmu ta bayyana cewa a mazhabar Malikiyya haƙƙin reno na uwa ne: namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare, muddin babu abin da ya kawar da haƙƙin a shari'a. Wanda aka koya wa ƙin uwarsa, wa ya rage a duniya da zai ji kunyarsa?

Tsaga ta uku godiyar hoto ce. Ranar iyaye mata ta zagayo, Facebook da WhatsApp su cika da hotunan tsofaffi da dogayen kirari, ita kuwa mai hoton tana ƙauye maganin hawan jininta ya ƙare tun makon jiya, wayarta ma ba ta buɗe hoto. A Amurka, inda aka mai da ranar ta hukuma a 1914, matar da ta yi fafutukar kafa ta, Anna Jarvis, ta ƙarasa rayuwarta tana yaƙi da yadda 'yan kasuwa suka mai da ita ranar cinikin kati da fure. Ba na hana kowa sa hoto. Amma kafin duniya ta gani, ita ta ji a kunnenta, ta gani a tukunyarta.

Tsaga ta huɗu, mun ɗauka bulala ita ce tarbiyya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, gaskiya ne, amma tanƙwarawa aka ce, ba karyawa ba. Yaron da dorina kaɗai ta sa shi durƙusawa, ranar da ya fi ƙarfin dorina ranar zai miƙe. Wanda kuwa ya durƙusa don ya ga babansa yana durƙusa wa kakarsa, har furfura zai yi yana durƙusawa.

Yanzu ga kiran.

Ku iyaye maza, da ku zan fara don ni ma naku ne. Ranar Juma'ar nan, kada ka tafi gaida mahaifiyarka kai kaɗai. Riƙo hannun yaronka. Ya ga ka tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya ga ka zube a ƙasa da babbar rigarka, ya ji ka ce, "Inna, akwai abin da za a yi miki?" Ya ji ta ce, "Allah Ya yi maka albarka," ya ji ka amsa da amin. Idan ta yi maka faɗa a gabansa, ka sunkuyar da kai. Wannan minti goman ya fi wa'azin shekara. A gida kuma, idan an kawo abinci, ka buɗe baki ka ce wa matarka sannu da aiki, da ƙarfi yadda yara za su ji. Ba ya rage mazantaka. Idan kuna da saɓani, ɗaki yana da ƙofa. Mai ciki kuma a bar ta ta je awo. Masana lafiya sun ce aƙalla sau 8 kafin haihuwa. Ka ba ta izini tun yau, na dindindin, cewa ko ba ka gari idan ta ga jini ko ciwon kai mai tsanani ko kumburi ta wuce asibiti. Kada a zauna jiran dawowarka daga kasuwa rai yana fita. Ka yi tanadin kuɗin mota kamar yadda kake tanadin ragon suna. Idan an nemi jini, ka miƙa hannunka.

Ku iyaye mata, ku ne makarantar farko, kada ku rushe ajinku da hannunku. Bakinku kaifi gare shi. A daina "ɗan banza" da "Allah Ya tsine" a kan kofin da ya fashe. Yadda kike magana a kan uwar mijinki a gaban ɗanki, haka matarsa za ta yi a kanki, shi kuma ya yi shiru don ya saba ji. Ki sa ɗanki ya gaida abokiyar zamanki da irin gaisuwar da kike so 'ya'yanta su yi miki. Kada kuma ki ce namiji ba ya wanke kwano. Yaron da bai taɓa ɗebo ruwa ba, ta ina zai san nauyin tulu?

Abin da za a koya wa ƙaramin yaro ba shi da yawa, naci yake so. Idan an kira shi ya ce "na'am", ya taso, ba ya tsaya daga nesa yana "mene ne?" ba. Ya yi sallama kafin ya shiga. Ya rusuna ya gaida na gaba da safe. Ya karɓa da hannun dama, ya ce ya gode. Kada ya kama sunan babba gatsau, akwai yaya, akwai gwaggo, akwai kawu da baffa. Ya ga babba da kaya ya karɓa. Ya yi laifi ya ce a yi haƙuri. Idan ya yi daidai a yaba masa a sa masa albarka nan take, don yabo taki ne. Da dare a kashe talabijin na rabin sa'a a tura shi wurin kaka ya sha tatsuniya, ya ga inda haɗamar Gizo take kai shi.

Ku malaman allo da na Islamiyya da na boko, yaron da ya haddace hadisin biyayya amma yake harare-harare idan uwarsa ta aike shi bai ci jarrabawa ba. Ku riƙa tambaya da safe, "Wa ya gaida mamarsa yau? Wa ya taya ta aiki?" Ku limamai, ku ware huɗuba guda a kan zagin uwa a titi, guda a kan haƙƙin reno bayan saki. Masu tura yaro ɗan shekara 5 almajirci wani gari kuma, ku dubi Allah. Yaron da aka raba da ɗumin uwa tun bai iya wanke jikinsa ba, a ina zai ga abin da muke so ya kwaikwaya?

Ku samari da 'yammata, wayar hannunku ba ta fi wadda ta saya muku ita ba. Idan tana magana, a kife wayar. Rashin bokonta ba rashin hankali ba ne. Abin da ta hango tana zaune a kan tabarma, ko rimi kuka hau ba za ku hango ba. Wanda kuma yake jin kunyar nuna mahaifiyarsa ga abokai don zanenta ya koɗe, ya tambayi kansa a wurin wa launin ya tafi.

Ku maƙwabta, da can ɗa na kowa ne. Ku dawo da wannan. Ka ga yaro yana yi wa uwarsa tsawa, ka tsawatar cikin hikima. Kai kuma da aka gyara wa ɗa, ka ce an gode, kada ka ɗauko taɓarya.

Ku masu mulki da masu hali, ba ma son jawabin taya murna. Asibitin ƙauye da babu ungozoma da dare, babu wuta, babu jini, shi ne ainihin abin da kuka ce wa iyaye mata. Mai kuɗin da ke neman lada ya sani cewa motar ɗaukar mai naƙuda sadaka ce mai gudana.

Wanda mahaifiyarsa ta riga mu gidan gaskiya, ƙofa ba ta rufe ba. Akwai addu'a, akwai sadaka, akwai ƙannenta da aminanta da ke raye. Ka kai yaranka wurinsu, ka ba su labarinta, su san cewa ba daga sama ka faɗo ba. Kiran kuma ya haɗa da duk wadda ta goya ba ta haifa ba: gwaggon da ta yi riƙo, matar uba da ta share hawayen maraya, yayar da ta bar makaranta don ƙannenta su yi.

Ni dai a waccan Asabar ɗin ban jira anjima ba. Na saka silifas ɗin da aka gama waya da shi, na ɗauki Ummi a kafaɗa, muka tafi. Na zube a gaban Inna na ce ta yafe mini. Ta dube ni da mamaki ta ce, "Me ka yi mini? Ai na san kana da hidima." Wannan amsar ta fi mari zafi. Ta riga ta nema mini uzuri tun ban nema ba, kamar yadda ta ce aro aka zo yi.

Bayan 'yan makonni na sake ganin Ummi da takalmi a kunne. Gabana ya faɗi, na kasa kunne. Sai na ga ta juya ga 'yar tsanarta, ta ɗora yatsa a baki, ta ce, "Yi shiru, Inna ce."

Jama'a, yara suna kallo, kuma abin da suka gani yau shi za su yi mana ranar da gwiwa ta ƙi, ido ya dushe, muka koma muna kira daga cikin ɗaki. Wanda mahaifiyarsa take raye, kiranta yana da ranar yankewa, kuma ba a sanarwa. Ajiye takardar nan. Kira ɗanka ya tsaya kusa da kai. Sannan ka amsa mata.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya ƙara wa na raye lafiya, Ya sa mu gama da su lafiya.